Hannun Alaramma da Haƙorin Delu

Duk shekara idan aka turo mana ɗalibai koyon aiki a asibitin dabbobi, nakan tsaya bakin ƙofa in yi kallo. Maza su nufi turken shanu suna naɗe hannun riga, kowa yana so a ɗauke shi hoto riƙe da ƙahon bijimi. Wanda aka ce ya zo wajena kuwa sai ya taho yana jan ƙafa, fuska a murtuke, kamar an hana shi abincin rana. Na bana wani dogon saurayi ne mai farar riga da ko karin guga bai sake ta ba. Ya leƙo, ya ga kwando a kan tebur, ya ce, "Mama, wai nan ne wajen mage? Ai wannan ko ƙanwata ta firamare za ta iya." Na ce Allah ya raya ƙanwar tasa, ya buɗe kwandon ya miƙo mini abin da ke ciki. Bai kai ga miƙowa ba, magen ta yakushe shi. Ina zuba masa ruwa yana wanke hannu da sabulu, yana tambayata ko rigar za ta ɗinku.

To, da ku da kuka yi masa dariya da shi da aka yi wa, na ce zan rubuta muku yadda aikin nan yake kafin in ajiye shi, don in na faɗa da baki rabinku waya kuke dannawa. Zan kuma ba ku labarin wani alaramma a Unguwar Kanawa da ya kusa rasa hannun da yake rubuta Alƙur'ani da shi, saboda huda biyu da ba su kai ƙwayar gero girma ba.

Sunana Asabe, amma daga Malali har Unguwar Kanawa ba wanda zai gane ni da wannan sunan sai an ce Mai Kyanwa. Ba ni na zaɓi kyanwa ba. Lokacin da aka ɗauke ni aiki ni kaɗai ce mace cikin malaman dabbobi a wajenmu, ita kuma kyanwa dabbar cikin gida ce, a gindin murhu take kwana, a ɗakin matar gida take haihuwa, inda baƙon namiji ba ya wuce zaure. Sai manya suka dube ni suka ce ga aikin da ya dace da ke, babu wahala a cikinsa. Na yi godiya har da durƙusawa, don a lokacin ni ma irin tunanin dogon yaron nan nake yi.

Wanda ya koya mini aiki sunansa Malam Tanimu, wani gajeren dattijo Bazazzagi, bayan hannunsa duk zane kamar kaji sun yi tono a wajen. Ranar farko aka kawo wani muzuru a buhu daga Babbar Kasuwa, na wani mai sayar da masara, kunnensa ya tsage wajen faɗa. Na kai hannu zan kwance buhun, Malam Tanimu ya ce, "Dakata. Ki cika buta, ki ajiye sabulu kusa da ke, sannan ki taɓa bakin buhun nan. Wanda ya bari sai an cije shi sannan ya tashi neman ruwa, ya makara." Na cika butar ina gunaguni a ciki. Kafin azahar na yi amfani da ita, kuma ba don alwala ba.

Shi ya nuna mini yadda ake naɗe kyanwa da tawul, ƙafafu huɗu a ciki, kai kaɗai a waje, kamar jinjirin da aka gama yi wa wanka. Ba a zuwar mata ta gaba, ba a ƙura mata ido, ba a ɗaga murya. In ta kwantar da kunnuwa baya, jela tana dukan ƙasa, to ta gama yi miki gargaɗi, ki janye hannunki da mutuncinki. Kayan aikina ba na burgewa ba ne. Akwai safar hannu ta fata irin ta masu walda, a layin 'yan ƙarfe na sayo ta, mai shagon yana ta tambayata wace ƙofa zan haɗa. Akwai kwando mai murfi, da ɗan almakashin rage farce, da mataji mai ƙananan haƙora na tsefe ƙuma. Amma duk cikinsu buta da sabulu sun fi yin aiki.

Abin da ya sa nake wannan fitinar ba a ganinsa da ido. Bakin kyanwa cike yake da ƙwayoyin cuta, har lafiyayya mai sheƙi wadda ake zuba wa madara a faranti. Ita ba sa yi mata komai, gidansu ne. Kare in ya yi cizo yakan yaga fata, jini ya zuba, kowa ya firgita a ruga asibiti. Fiƙar kyanwa kuwa siririya ce kamar allura, ta shige can ciki har jijiya ko gaɓa, ta sauke abin da ta ɗauko, ta fito, fata ta rufe a kai. Mutum ya duba ya ga ɗigo biyu, ya ce ba komai. Kafin gari ya sake wayewa hannu ya zama kamar an hura shi. Farcenta ma da nasa kayan. Kashin ƙuma yana maƙalewa a ƙarƙashinsa, musamman na ƙanana masu son wasa. Ta yakushi yaro yau, kowa ya manta, sai can bayan makonni kaluluwa ta fito masa a hammata ko a wuya, ga zazzaɓi, uwa ta rasa daga ina abin ya zo. Ko lasa ce, in dai a kan buɗaɗɗen ciwo ne ba na so, balle ga tsoho ko mai ciwon suga.

Masu kawo mini aiki iri-iri ne. Akwai matan manyan ma'aikata a Malali, masu kyanwa mai dogon gashi da aka sauko da ita daga jirgi, wadda ba ta san ɓera ba ko a hoto. Wata Hajiya ta taɓa kirana da gaggawa wai tata ta ƙi cin kifin gwangwani. Na je na duba ta sama da ƙasa, na tarar ƙoshi ne ke damunta, na ce maganinta a bar ta da yunwa zuwa la'asar. Hajiya ta dube ni kamar na ce a yanka ta. Akwai 'yan hatsi na kasuwa, su kyanwarsu ma'aikaciya ce, ba ta da suna, ba a shafa ta, amma ranar da ta kwanta ciwo sai ka ga ɗan kasuwa ya ja ƙofar shago ya taho da ita da kansa. Sai kuma malamai masu littattafai. Su suka fi kowa son kyanwa, kuma da dalilinsu, don ɓera ba ya jin nauyin littafi ko wane iri ne.

Akwai shekarar da ba na mantawa. Damina ta yi tsawo, ɗakuna suka yi danshi, ƙuma ya yi yawa har a jikin tabarmi, yara suka yi ta kaluluwa a unguwanni. Da aka gane daga yakushin 'ya'yan kyanwa ne, maimakon a nemi maganin ƙuma sai gari ya ɗauka wai kyanwa ta zo da annoba. Aka yi ta cusa su a buhu ana zubarwa a bakin kogi, abin gwanin tausayi. Jita-jita kuma ta ƙara gishiri, wai mu ma'aikatan gwamnati muna bi gida-gida muna kwashe duk kyanwar da ta taɓa mutum, ba a sake jin ɗuriyarta. Ni da ake yi wa shimfiɗa a kawo mini kunu, sai na koma in na yi sallama in ji ana gudu da kwali zuwa bayan ɗaki. Yawancin yaran nan sun warke ba tare da wata wahala ba. Ɓeraye kuwa sun ci shekarar da ba su taɓa cin irinta ba.

A cikin wannan shekarar ne wata dattijuwa ta same ni a wajen aiki da sassafe. Ta ce sunanta Rabi, matar Alaramma Sidi ce na Unguwar Kanawa. Ta gaishe ni, ta tambayi yara, ta tambayi aiki, ta sake gaishe ni, sannan ta rage murya.

"'Yar nan, in na faɗa miki magana, ba za ki tafi mana da ita ba?"

Na ce, "Da wa, Inna?"

Ta ce, "Da Delu."

Sai da muka yi nisa a magana na gane Delu kyanwa ce. Alaramma yana rubuta Alƙur'ani da ka, ya rubuta a baya ba sau ɗaya ba, amma yanzu ido ya fara yi masa hazo, ya ce wannan ne na ƙarshe, kuma saura izu kaɗan ya kammala. Takardun da ya gama a wani akwatin katako yake tara su, Delu ce mai gadinsu. Da haihuwa ta zo mata ba ta ga inda ya fi akwatin nan ɗumi ba. Jiya da safe ya buɗe ya tarar da ita da 'ya'ya a gefen takardu, ya zura hannu zai tsame takardun, ita kuma ta ɗauka 'ya'yan zai taɓa, ta kafa masa haƙori a gindin yatsansa manuni, na hannun dama.

Inna Rabi ta ce, "Ya hana a faɗa wa kowa. Ni ma cewa na yi za ni gidan mai jego."

Na cika buta, na ɗauki sabulu da kwando, muka tafi.

A zaure muka same shi a kan buzu, farin tsoho siriri, kurtun tawada a gefe, alƙaluma a jere, takarda a kan cinya. Hannun dama yana cikin hannun babbar riga, alƙalami kaɗai ya leƙo. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya dubi kwandona, ya dubi matarsa.

"Rabi, wannan ce mai jegon?"

Ta ce, "Ai ban yi ƙarya ba, Malam. Gidan nan ma an haihu."

Ya juyo wajena ya ce, "Malama, in Delu kika zo ɗauka, ba ta nan." Bai rufe baki ba sai ga ɗan siririn kuka daga cikin akwatin da ke bayansa. Ko gezau bai yi ba, ya ce, "Ƙofar nan ce, tana son mai."

Na ɗauki kwandon na fitar da shi waje inda zai ga na ajiye, na dawo na ce, "Allah gafarta Malam, ba ita na zo gani ba. Hannu na zo gani."

Ya daɗe kafin ya zare shi. Yatsan ya kumbura ya yi suntum, bayan hannun ya tashi yana ƙyalli, a daidai cizon kuma ga wani baƙin abu ya bushe ya kame kamar kwalta. Na tambayi mene ne wannan. Sai fuskarsa ta saki, irin ta wanda aka tambaya abin da ya ƙware a kai.

Ya ce, "Ƙaro ne. Jini najasa ne, ga shi ina tsakiyar shafi. Sai na kwaɓa ƙaro da kauri, irin wanda nake sa wa tawada, na liƙe wajen, ya bushe, na ci gaba da aikina. Haka malamina yake yi in wuƙar fiƙe alƙalami ta yanke shi, haka nake yi tun ina saurayi. Ban taɓa ɓata takarda da jini ba."

Na ce, "An wanke kafin a liƙe?"

Ya ce, "Na yi alwala. Yawun kyanwa ai ba ya ɓata komai, ko ruwan da ta sa baki ana alwala da shi. Jinina ne abin gudu, shi kuma na tsare."

Ba jahilci ne ya kai shi ba, tsananin kiyaye takarda ne. Duk hankalinsa yana kan abin da zai fito daga hannu ya taɓa shafi, bai taɓa kawo wa ransa abin da ya riga ya shiga hannun ba. Ƙaron nan kuwa ya yi aikinsa tsaf, ya rufe wajen ruf kamar murfi a kan tukunya mai tafasa.

Na ce, "Malam, maganar ruwanta haka muka taso muka ji daga bakinku, ba ni da ta cewa. Amma wuƙarka a sama take yanka. Haƙorin Delu can ciki ya ajiye kaya, kai kuma ka rufe musu ƙofa. Wannan ya wuce ni, aikin likitan mutane ne, kuma yau, ba gobe ba."

Ya ce, "In na je za su naɗe hannun su hana ni rubutu. Su tambayi wa ya cije ni, su aiko a ɗauke ta, ga 'ya'ya ko ido ba su buɗe ba. Saura kaɗan, Malama. A bari in kai ƙarshe, sai a yi duk abin da za a yi da hannun."

Na ce babu wanda ke ɗaukar kyanwar kowa, ni ce gwamnatin da ake faɗa, ga ni a gabansa. Na ce hannun ba zai jira shi ya kai ƙarshe ba. Na yi magana har bakina ya bushe. Ya saurare ni da ladabi, yana gyaɗa kai, irin na wanda ya riga ya gama yanke shawara tun kafin a fara. Abin da ya yarda da shi kawai a jiƙa ƙaron a cire. Inna Rabi ta ɗumamo ruwa, ita ta riƙe hannun tana cuɗawa da sabulu, ni ina tsiyayawa daga buta. Ya runtse ido yana karatu ƙasa-ƙasa, gumi yana tsattsafo masa a goshi, amma bai ce wash ba.

Sai na tuna wata dabara da Malam Tanimu yake yi wa hannunsa in an cije shi. Na ce, "Allah gafarta Malam, a ara mini alƙalami."

Ya dube ni kamar na ce ya ara mini rawaninsa.

Na ce, "Inna za ta zagaye kumburin nan da tawada, daidai inda ya tsaya yanzu. In ya tsaya a cikin layi har la'asar, sai mu sake magana. In ya tsallake, ba sauran magana, asibiti."

Ku kuma kar ku mayar da wannan dokar aiki. Cizon kyanwa a hannu asibiti ake kai shi nan take. Layi na masu taurin kai ne, kuma ban ambaci la'asar ba sai don na ga yadda hannun yake tafiya, na san ba zai kai ba.

Abin ya yi wa Alaramma daɗi, don shi mutum ne da duk rayuwarsa bai yarda harafi ya ƙetare iyakar shafi ba. Ya ce, "Wannan magana ce ta adalci. Na yarda." Ya zaɓi alƙalamin da ya fi tsufa ya miƙa wa matarsa. Ta tsoma a tawada, ta fara zagayawa. Ya sunkuya yana bin layin da ido.

"Rabi, duk zamanki a gidan nan layi ɗaya ya gagare ki? Wannan ai hanyar akuya ce."

Ta ce, "Hannun ne ba shi da fasali, Malam, ba layin ba."

Na bar su na koma kan nawa aikin. Na sa safar fata, na lallaɓa Delu na naɗe ta da tawul. Wata 'yar ja ce mai farin ƙirji, ba ta kai kazar gida nauyi ba. Idonta garau, tana ci, tana sha, tana shayarwa, babu alamar haukan kare a tare da ita, ko da yake wannan sai an ci gaba da sa ido na kwanaki kafin a saki jiki. Na tsefe mata ƙuma, na mayar da ita da 'ya'yanta cikin kwali a ɗakin Inna Rabi, muka zauna a tsakar gida. Daga nan muna jin ƙarar alƙalami a kan takarda, ƙus-ƙus-ƙus. Inna Rabi tana tsintar shinkafa amma kunnenta yana zaure. Ƙarar ta riƙa yin nisa tsakani, ta riƙa tsayawa tana ci gaba, daga baya ta ɗauke ɗif.

Da aka kira azahar ya shigo zai yi alwala, ya kai hannu ga buta, ya kasa ɗaga ta. Muka matsa muka duba. Kumburin ya tsallake layin tawada ya haye wuyan hannu, wani zane mai duhu da zafi kuma ya miƙe ya nufi gwiwar hannu. Jikinsa yana kyarma a tsakiyar rana.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Layin ne a karkace."

Wannan karon Inna Rabi ba ta mayar masa da wasa ba. Ta ce, "Malam, ka ce ka yarda."

Ya ce, "Na faɗa." Ya yi sallarsa a zaune, ya koma zaure don ya kintsa kayansa. Ya kai hannu zai ɗauki alƙalamin da yake rubutu da shi ya mayar cikin 'yan'uwansa, yatsun suka ƙi haɗuwa, alƙalamin ya suɓuce ya faɗi a kan buzu. Ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa. A nan na ga tsoro ƙarara a fuskar tsohon nan. Inna Rabi ta sunkuya ta ɗauke ta ajiye masa.

A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Delu fa?"

Na ce, "Amanarta tana wuyana, Allah gafarta Malam. Ko gashinta ɗaya ba zai bar gidan nan ba."

Maƙwabcinsu ne ya kai mu a motarsa. Likitan da ya karɓe mu ya duba hannun, ya ga layin tawada, ya tambayi tun yaushe aka zana, da muka faɗa masa sai ya daina tambaya ya sa aka kawo gado. Ranar aka shiga da shi aka tsaga hannun, aka kwashe mugunyar da ta bi jijiyar yatsan. Aka sa masa ƙarin ruwa da magani ta jijiya, aka yi masa allurar da ake yi wa wanda ƙusa mai tsatsa ta soka. Ni kuma kullum in na tashi daga aiki sai in biya in duba Delu, in wuce asibiti in faɗa wa likita tana nan lafiya. Da na shiga ɗakin, kafin in gama gaisuwa Alaramma zai ce, "Ta ci abinci? 'Ya'yan sun buɗe ido?" Inna Rabi ta ce, "Kin gani ko, 'yar nan? Ni da nake kwana a tabarma a gindin gadonsa ba a tambayi ko na ci ba, sai wadda ta kawo mu."

Hannu dai ya tsira, alhamdu lillahi. Amma yatsan manuni ya sandare, ya ƙi lanƙwasuwa, ya tsaya a miƙe. Ga ni da ku wannan ba wani abu ba ne, za mu ci tuwonmu mu danna wayarmu. Ga mai rubutu kuwa shi ne yatsan da ke juya alƙalami. Aka sallame shi ya koma gida, akwatin yana nan a rufe, ya daɗe bai ko kalli wajen ba. Inna Rabi ta ce mini ya rage cin abinci, ya rage tsokana, abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan.

Wata rana na je rage wa 'ya'yan Delu farce, sun fara hawa labule. Na shiga zaure sai na tarar da shi da allo a cinya, ba takarda ba. Ya maƙale alƙalami tsakanin babban yatsa da na tsakiya, manunin yana tsaye a sama shi kaɗai, yana jan harafi ɗaya-ɗaya, harshe a tsakanin haƙora.

Ya ce, "Malama, kin same ni na koma babbaƙu. In kin san makarantar da ake karɓar masu furfura, ki kai ni."

Na ce, "In an samu, Inna ce za ta riƙa duba maka layi."

Daga cikin gida ta ce ta ji, kuma ba za ta yi sassauci ba. Ya yi dariya har da tari. Haka ya yi ta yi, ya cika allo, ya wanke, ya sake cikawa, bai yarda ya taɓa takarda ba sai da hannun ya daina yi masa gardama. Damina ta wuce, rani ya shigo ya yi nisa. Idon kuma bai tsaya jiransa ba, har sai da ya koma fitar da buzunsa bakin ƙofar zaure inda haske ya fi yawa.

Gab da faɗuwar wata daminar Inna Rabi ta aiko a kira ni. An yi walimar kammala rubutun jiya, malamai sun taru sun watse, tsakar gida duk tukwanen da ba a gama wankewa ba. Alaramma yana zaune, gafaka a gabansa, wato jakar fatar da ake adana rubutaccen Alƙur'ani a ciki. Ya buɗe ta, ya zaro takardu biyu daga kusa da ƙarshe, ya shimfiɗa su gefe da gefe ya ce in matso in duba. Ni ba gwanar rubutu ba ce, amma ko ni na gani. Ta farko haruffanta sirara, suna gudana kamar ba hannu ne ya ja su ba. Ta biyu sun fi kauri, sun fi tsayuwa, nan da can ana ganin inda alƙalami ya ɗan yi jinkiri, amma babu ko ɗaya da ya fita daga sahu.

Ya ce, "Jiya wani ya tambaye ni ko mutum biyu ne suka rubuta. Wani kuma ya ce da na bari an nemi mai hannu irin nawa na da, ya ƙarasa mini, don ya tafi bai ɗaya."

Na ce, "Me ka ce musu, Allah gafarta Malam?"

Ya ɗora miƙaƙƙen yatsan nan a gefen takarda ta farko ya ce, "Na ce wannan da hannun da Allah ya ba ni na rubuta." Ya matsar da shi kan ta biyu. "Wannan kuma da wanda ya bar mini. Duka biyun na gode."

Hawaye suka zo mini don daɗi. Shi kuwa ya haɗa takardun ya mayar da su mazauninsu, ya daidaita gefensu a kan cinyarsa, ya rufe gafakar, ya ɗaure igiyar da kansa.